Ga Zaƙi Ga Harbi: Yadda Adabin Hausa Ke Haɗa Kishiyoyi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Yau za mu shiga fagen adon harshe, mu ɗan daɗe a kan dabara guda: yadda mai magana ke ɗauko kalmomi biyu da ba sa ga maciji da juna, ya haɗa su wuri ɗaya, maganar kuma ta zauna daram.

Kada wani ya ce wannan sai a jami'a. Mu leƙa gidan biki. An fito da amarya za a kai ta ɗakin mijinta, uwarta na tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Sai ƙanwarta ta dafa ta, ta ce, "Haba Yaya, bari mana, ai wannan kukan daɗi ne." Mu wuce kasuwa. Mai bin bashi ya tsaya wa ɗan tireda a gaban masu ciniki, shi kuwa sai washe baki yake yana cewa, "Alhaji, shigo daga ciki mana." Maƙwabcinsa ya kalle shi ya san murmushin yaƙe ne. Da yamma saurayi ya ce budurwarsa ta yi mugun kyau, maigida ya ce miyar yau ta yi masifar daɗi, wanda aka yi wa mummunan albishir kuma a ce ya yi mutuwar tsaye.

Kuka da daɗi, mugunta da kyau, mutuwa da tsayuwa. A ƙa'ida kowace tana korar 'yar'uwarta. Amma tambayi uwar amaryar nan: murna take ko baƙin ciki? Duka biyun. Ta aurar da 'yarta, ta kuma rabu da ita. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan hali ba, dole sai an haɗa mata da kishiyarta. Wannan shi ne tushen dabarar.

(Kiɗa kaɗan)

Manazarta sun daɗe da tsara wa adon harshe gurabe. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na 2007, da Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Sakkwato, a Salo Asirin Waƙa na 2001, suna cikin waɗanda ɗalibai ke dogara da su. A ajin feɗe waƙa za ka ji ana zancen kamantawa, da siffantawa, da alamtarwa, da kambamawa, da jinsintarwa mai rassa uku: mutuntarwa, dabbantarwa da abuntarwa. In Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu, kamancen fifiko ya yi. In ya ce duniya budurwar wawa, ya mutuntar da ita ke nan, ya sa mata zane da kwalli.

Malaman zaure ma sun san haɗa kishiyoyi tun kafin zuwan boko. A fannin balaga, a sashen da ake kira badi'i, akwai babin ɗibaƙi, wato kawo abu da kishiyarsa cikin zance ɗaya. Abdullahi ɗan Mu'utazzu ya sanya wannan dabara a littafinsa na Badi'i tun shekarar 274 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 887 Miladiyya. Malaman da suka rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami a ƙarni na 19 sun karanta balaga, shi ya sa idan suka zo siffanta duniya za ka ga daɗinta da ɗacinta a baiti guda: tsohuwa ce da ta ci ado, mai jan mutum da fara'a ta kai shi ga halaka.

Amma karin magana ce babbar ma'ajiyar wannan hikima. Mu ɗauki guda biyu mu duba su da kyau.

Ta farko: sauri ya haifi nawa. Yaya za a yi gaggawa ta haifi jinkiri? Ka tuna da tela a daren salla. Ya yanka yadi cikin hanzari bai auna ba, hannun riga ya fito guntu, sai ya farke ya sake. Aikin sa'a ɗaya ya cinye masa dare. Kalmomi huɗu sun ɗauke wannan labari kaf, har da mutuntarwa a ciki, domin an mai da sauri uwa mai haihuwa.

Ta biyu: talala mai kamar sake. Akuya ce aka ɗaure da doguwar igiya. Tana kiwo, tana tsalle, a ganinta ba mai riƙe da ita, sai ta nufi gonar maƙwabci igiya ta fizgo ta. Ɗauri ne, kuma yana kama da 'yanci. Shi ya sa masu wa'azi ke kawo ta a kan wanda Allah ya yi wa jinkiri yana ta ɓarna, 'yan siyasa kuma ke kawo ta a kan mulkin kan da ba a saki igiyarsa duka ba.

(Kiɗa kaɗan)

A rubutun zube, Alhaji Abubakar Imam ya gina littafi a kan irin wannan saɓani. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, waziri, mutumin da sarki ya amince wa, shi ne ke ƙulla cin amana. Aku kuwa, tsuntsun da aka san shi da surutu, shi ya riƙe amanar, ya tsare ɗan sarki Musa da labarai har sarki ya dawo. Ƙarshenta aku aka naɗa waziri. Ba sai Imam ya tsaya yana wa'azi a kan amana ba, juyin da ya yi wa mutum da tsuntsu ya isar da saƙon.

Marubutan da suka biyo baya sukan sa adon tun daga bangon littafi. Hafsat Abdulwaheed ta kira nata So Aljannar Duniya, siffantawa ke nan kai tsaye. Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauko karin magana ta sa wa nata Alhaki Kuykuyo Ne, aka mai da zunubi ɗan kare mai bin ubangidansa duk inda ya sa ƙafa.

A fada kuwa adon harshe makami ne. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Musa Ɗanƙwairo, sukan ɗaga ubangidansu su kai shi matsayin giwa ko zaki, sannan su juya kan 'yan sarkin da ke neman gadonsa da habaici da zambo. Ba a kama suna, amma duk fada ta san da wa ake.

To, sai dai akwai sharaɗi. Haɗa kishiyoyi ba ya zama fasaha sai in ɓangarorin biyu duk gaskiya ne. Zuma ga zaƙi ga harbi: duk wanda ya taɓa cire saƙa daga amya ya shaida biyun. Amma in matashin marubuci ya ce dogon gajere, ko farin baƙi, don kawai ya ji ana yabon salon, babu wani hali na rayuwa da maganar ta kama, tubka da warwara kurum ya yi. Haka in aka cika shafi da ado a kowane layi, mai karatu zai gaji ya kasa gane inda marubucin ke son ya tsaya.

Kiranmu ga malaman Hausa a makarantu shi ne, kada darasin adon harshe ya tsaya ga haddar sunaye don cin jarrabawa. A tura yara su saurari kakanninsu da 'yan kasuwa da direbobin tasha, su rubuto abin da suka ji, a feɗe shi a aji. Ku kuma marubuta, kafin ku haɗa kalma da kishiyarta, ku tabbata kun ga abin da ke ɗauke da su duka biyun.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu wani makon. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)