Motsa Jiki Daga Nesa: Tarho Kaɗai Bai Isa Ba

Jama'a, idan mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ya karye aka ɗora shi, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen magani ba. Sai ya riƙa motsa gaɓoɓinsa kullum kafin ƙarfi ya komo. In aka bari, gaɓa takan sandare. Likitocin wannan aiki, waɗanda ake ce ma kine, sun fi yawa a manyan birane kamar Yamai, Damagaram da Maraɗi. Kuɗin mota da aikin gona sukan hana mutumen karkara komawa wurinsu.

A shekara ta 2020, lokacin cutar korona, likitoci a ƙasashe da yawa suka riƙa bin majinyata ta tarho mai hoto. Dabarar tana da amfani, amma sai kowa ya iya nasa aiki.

Likita tun farko sai ya duba majinyaci ido da ido. Bayan nan hannunsa ba ya kai gare shi, saura ido da baki. Ya yi magana da harshen da majinyaci yake ji. Ya gwada motsi da jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a maimaita ya gani. Ya kuma riƙe amana, kada hoton majinyaci ya fita hannunsa.

Majinyaci kuwa yana bukatar mataimaki a gida, ɗa ko mata ko ƙane. Shi ne hannun likita. Ya tabbata tarho na da caji. Ya jingina shi inda za a ga jiki duka, haske yana gaban majinyaci. In rezo ba ƙarfi, ya ɗauki gajeren bidiyo ya aika ta WhatsApp. In likita ya ce sau 10, a ƙirga da tsakuwa 10, kada a ƙara. Kada a ja hannun da ya shanye, don kafaɗa tana iya gocewa.

Majinyaci ya faɗi gaskiyar inda yake jin ciwo, ba kunya. In jiri, ciwon ƙirji ko sabon kumburi ya zo, a dakata, a nufi gidan likita mafi kusa.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kafin ku baro asibiti da maras lafiya, ku tambayi likita ko yana bin mutane ta tarho. In ya yarda, ku karɓi lambarsa, ku tsai da rana da lokacin kira.