Shirin Musamman: Damian Kulash da OK Go, Mawaƙan da Bidiyonsu Ya Shiga Aji

Damian Kulash mawaƙi ne ɗan Amurka, kuma jagoran ƙungiyar kiɗa mai suna OK Go. An haife shi a birnin Washington a shekarar 1975. Bidiyon waƙoƙinsa ne suka fito da sunansa a duniya. Kowane bidiyo ana gina shi ne a kan dabara guda mai wuyar aiwatarwa, a yi ta da gaske a gaban kyamara, da mutane da kayan aiki na zahiri. Wannan ne ya sa malaman kimiyya da lissafi suka riƙa kai bidiyoyin aji, har daga baya ƙungiyar ta kafa shirin koyarwa nata na kanta.

[Kiɗa]

Tushen ƙungiyar abota ce ta ƙuruciya. Kulash ya haɗu da Tim Nordwind suna 'yan shekara 11, a sansanin koyon fasaha na Interlochen da ke jihar Michigan. Bayan Kulash ya gama karatu a Jami'ar Brown a 1998, sai ya koma birnin Chicago inda Nordwind yake, suka kafa OK Go tare da makaɗin ganguna Dan Konopka da mai jita Andy Duncan. A 2005 Andy Ross ya maye gurbin Duncan, kuma waɗannan mutum huɗu su ne ƙungiyar har yau.

Da farko sun bi hanyar da kowane mawaƙi ke bi a wancan zamani. Kamfanin Capitol Records ya ɗauke su, suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko a 2002, na biyu mai suna "Oh No" a 2005. A lokacin, bidiyon waƙa talla ne kawai. Kamfani ke zuba kuɗi a shirya shi, sannan a yi ta kamun ƙafa don tashar talabijin ta nuna shi, ko mutane sa sayi faifai.

Sauyi ya zo ne daga bayan gida. 'Yar'uwar Kulash, Trish Sie, gwanar tsara rawa ce. Ta tsara wa mutanen huɗu wata rawa ta waƙar "A Million Ways", suka kafa kyamara guda a tsakar gida suka ɗauki kansu suna gwaji. Hoton ya fita a intanet a 2005, mutane suka yi ta aika wa juna, har ya kai inda tallar kamfani ba ta taɓa kai su ba.

Ganin haka, sai suka sake gwadawa da gangan. A ranar 31 ga Yulin 2006 suka ɗora bidiyon "Here It Goes Again" a YouTube. A cikinsa an jera injinan motsa jiki guda 8, irin waɗanda bel ke gudu a ƙarƙashin ƙafar mutum, wasu na gudu dama, wasu hagu. Mawaƙan huɗu suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, suna sulalewa, suna ratsa juna, kyamara na tsaye wuri guda ba ta yanke ba daga farko har ƙarshe. Sai da suka gwada sau 17 kafin su zaɓi wanda ya fita. Miliyoyin mutane suka kalla, kuma a 2007 bidiyon ya ci lambar yabo ta Grammy.

[Kiɗa: yanki daga "Here It Goes Again"]

Wannan nasara ta jawo saɓani da kamfaninsu. EMI, uwar kamfanin Capitol a lokacin, ya hana a riƙa liƙa bidiyoyin ƙungiyar a wasu shafukan intanet, domin a wancan lokacin kuɗin talla yana shigowa ne idan an kalla a YouTube kai tsaye. Kulash ya ga cewa wannan ya toshe ainihin hanyar da aka san su ta cikinta, wato mutum ya gani ya miƙa wa na kusa da shi. A farkon 2010 ya rubuta ra'ayinsa a jaridar New York Times yana sukar matakin, kuma a watan Maris na shekarar ƙungiyar ta rabu da EMI, ta kafa kamfaninta mai suna Paracadute. Daga nan suka koma neman kamfanonin da za su ɗauki nauyin kowane bidiyo, a saka sunansu a ciki, su kuma mawaƙan su riƙe ikon tsara aikinsu.

A watan Maris ɗin ne suka fitar da bidiyon da ya fara jan hankalin malamai sosai, na waƙar "This Too Shall Pass". An gina shi a kan abin da ake kira na'urar Rube Goldberg, sunan wani mai zanen barkwanci ɗan Amurka da ya shahara da zana injina masu bin doguwar hanya don yin ƙaramin aiki. Wani abu ya ture wani, shi ma ya ture na gaba, har a kai ƙarshe. Ƙungiyar injiniyoyi ta Syyn Labs ce ta haɗa na'urar a wani babban sito mai hawa biyu a Los Angeles, da kayan gida sama da 700.

Bidiyon ya fara da Nordwind yana tura 'yar motar wasan yara. Motar ta bugi jerin ƙananan katakai suka zube ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ƙwallaye suka gangara, lemomi suka buɗe, cokula suka riƙa bugun kofunan gilashi masu ruwa suna fitar da sautin waƙar. Can gaba fiyano ya faɗo ya tarwatse, guduma ta fasa akwatin talabijin, a ƙarshe bindigogin fenti suka feshe mawaƙan huɗu. Duk wannan yana tafiya daidai da bugun kiɗan, cikin minti 4 da bai cika ba.

Akwai darasin lissafi a yadda aka tsara na'urar. A ɗauka na'ura tana da matakai 100, kowane mataki yana yin aiki sau 9 cikin 10. A ido wannan ya yi kyau, amma damar a ce dukkansu sun yi aiki a jere ba ta wuce sau 1 cikin kusan 38,000 ba. Idan aka gyara kowane mataki ya riƙa yin aiki sau 99 cikin 100, damar takan tashi zuwa kusan 37 cikin 100. Injiniyoyin sun kuma lura cewa ƙananan abubuwa sun fi saurin kuskure, domin ƙura ko ɗan zafi yana iya karkatar da ƙaramar ƙwallo, alhali abu mai nauyi ba ya fasa faɗuwa. Saboda haka suka sa ƙananan a farko, inda sake jerawa ba ya cin lokaci, manyan kuma a ƙarshe. Duk da haka sai da aka kwana 2 ana maimaitawa.

[Kiɗa: yanki daga "This Too Shall Pass"]

Shekarun da suka biyo baya, kowane bidiyo ya ɗauki wata tambaya daban. A 2012, a bidiyon "Needing/Getting", mota ƙirar Chevrolet ce ta zama makaɗiya. An kafa mata hannaye a gefe, aka jera kayan kiɗa sama da 1,000 a bakin wata hanya mai tsawon kusan kilomita 3 a hamadar California, Kulash na tuƙi motar na bugun su. Tazarar da ke tsakanin kayan da saurin motar su ne ke ba da lokacin kiɗan, don haka in ya ƙara wuta ko ya rage, waƙa ta ɓaci. A shekarar kuma suka yi wa shirin yara na Sesame Street gajeren bidiyo a kan launuka uku na asali, ja da rawaya da shuɗi, da yadda haɗa su ke haifar da sauran launuka. A 2014 suka yi "The Writing's on the Wall" a kan yadda ido ke ruɗuwa, inda zane a ƙasa da bango ke haɗuwa ya zama siffa ɗaya idan kyamara ta tsaya a daidai wuri guda. A Japan kuma suka ɗauki "I Won't Let You Down" da jirgi marar matuƙi, mutane sama da 2,000 na buɗe lema suna rufewa, daga sama ana ganin rubutu da hotuna.

Mafi wahala a cikinsu shi ne "Upside Down & Inside Out", wanda ya fita a watan Fabrairun 2016. An ɗauke shi a Rasha, cikin jirgin sama ƙirar Ilyushin 76, irin wanda cibiyar horar da 'yan sama jannati ta Yuri Gagarin da ke kusa da Mosko ke amfani da shi, kamfanin jiragen S7 kuma ya ɗauki nauyi. Jirgin yakan miƙe sama da ƙarfi, sai matuƙi ya rage wuta ya bar shi ya yi baka ya fara gangarowa. A wannan ɗan lokaci jirgin da duk abin da ke cikinsa suna faɗuwa tare da sauri ɗaya, don haka mutum ba ya jin nauyin jikinsa, sai ya tashi yana yawo a iska. Wanda ya taɓa jin cikinsa ya ɗaga lokacin da mota ta haye tudu da gudu ya ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Matsalar ita ce wannan yanayi ba ya wuce daƙiƙa 27, sannan jirgin na buƙatar kusan minti 5 kafin ya sake. Waƙar kuma ta haura minti 3. Sai suka raba ta gida 8. Duk lokacin da nauyi zai dawo, kowa ya zauna ya daskare a inda yake, daga baya a yanke mintunan jira a haɗa sassan. Kowane sashe na waƙar daƙiƙa 21 ne, don haka suka rage saurin kiɗan a cikin jirgi ya cika daƙiƙa 27, sannan aka ƙara saurin hoton a wajen tacewa. Sai da jirgin ya tashi sau 21 kafin a kammala, tsakanin gwaji da ɗauka. Mai kallo yana ganin ƙwallaye na yawo ba sa faɗuwa, yana ganin fenti ya fashe daga balan-balan ya tsaya dunƙule a iska.

A ƙarshen shekarar suka juya lissafin. Mafi yawan bidiyon "The One Moment" abubuwa ne da suka faru cikin daƙiƙa 4.2 kacal: gishiri na fashewa, kankana da jita na tarwatsewa, balan-balan masu ruwa na fashewa. Kyamarori masu ɗaukar ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa guda suka kama su, aka miƙe hoton ya cika tsawon waƙar. Hannun mutum ba zai iya kiyaye irin wannan lokaci ba, shi ya sa Kulash ya tsara jadawalin lissafi a kwamfuta, na'ura ta riƙa tayar da kowace fashewa a kan ƙa'ida. A 2017 kuma suka jera firinta 567 suka zama bango mai sauya launi a bidiyon "Obsession".

[Kiɗa: yanki daga "The One Moment"]

Duk tsawon wannan lokaci malamai na rubuto musu cewa suna koyarwa da bidiyoyin. Dalilin a fili yake. Tun da abin da aka gani ya faru da gaske, idan ɗalibi ya tambaya yaya aka yi, akwai amsa, kuma amsar tana cikin darasin nauyi da sauri da sauti da lissafi. A watan Maris na 2018 ƙungiyar ta haɗa kai da AnnMarie Thomas, farfesa a Jami'ar St. Thomas da ke jihar Minnesota, suka buɗe shafin OK Go Sandbox, da tallafin kamfanonin Google da Morton Salt. Shafin kyauta ne. Yana ɗauke da bidiyon bayan fage inda mawaƙan ke bayyana yadda aka yi kowane aiki, da jagorar malami, da ayyukan da ɗalibai za su yi da hannunsu, kamar haɗa 'yar na'urar ture-ture da kayan gida, ko auna sauti da motsi da wayar hannu.

Kulash ya bayyana hanyar aikinsu a jawabin da ya yi a dandalin TED a 2017. A ganinsa, dabara mai ban mamaki ba kasafai take zuwa wa mutum yana zaune yana tunani ba. Sukan ware wani kaso na kuɗi da lokaci su shiga wurin aikin su yi ta wasa da kayan, har su gano abin da zai yiwu wanda ba su zata ba, sannan su zauna su tsara. Masu sharhi da dama sun ce bidiyoyin sun danne waƙoƙin, har an fi sanin hoton da sautin. Ƙungiyar kuwa tana kallon bidiyo a matsayin aikin fasaha mai zaman kansa, daidai da waƙar.

A 2023 Kulash da matarsa Kristin Gore suka ba da umarni a fim ɗin "The Beanie Bubble". A 2025 ƙungiyar ta fitar da kundinta na biyar, "And the Adjacent Possible", bayan fiye da shekara 10 ba ta fitar da kundi ba. Bidiyoyi biyu suka rako shi: "A Stone Only Rolls Downhill", wanda aka haɗa da wayoyin hannu 64 da aka jera kowace na nuna nata hoton, da "Love", wanda aka ɗauka a wata tashar jirgin ƙasa a Budapest, da madubai da injina masu hannu da ke juya su daidai da kiɗan.

[Kiɗan rufewa]