Sawun da Tsargiya ke Bari a Jinin 'Ya'yanmu

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kudancin Kano ya samu ruwa mai kwana rani da damina. Manomi da masunci a Bebeji sun amfana, babu mai musun wannan. Sai dai ruwan da ya kwanta shi ne gidan katantanwar da tsutsar tsargiya ke hayayyafa a cikinta. Daga gaɓar Tiga zuwa fadamun shinkafa na Tudun Wada, da kududdufan Kiru, da rafukan da ke gangarowa daga dajin Falgore a Doguwa, yaron da ya shiga wanka ko su zai iya fitowa da baƙuwar da ta huda fatarsa bai ji ba. Har yau kuma akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji.

Tsutsar nan tana zama cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye da haka nesa, garkuwar jiki kuwa tana kallo. Dalili shi ne tsutsar da ƙwayayenta suna fitar da sinadarai masu sanyaya gwiwar fararen ƙwayoyin jini, su ƙara yawan irin waɗanda aikinsu shi ne cewa a dakata da yaƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan sanyin gwiwa ke zama a rubuce. Duk wanda ya riƙe allo ya san babbaƙu da farfaru. A rubutun ajami, haruffan "kara" da na "kira" ɗaya ne, wasali ne ke raba su. Haka saƙon gado da ke cikin kowace ƙwayar halittarmu, wanda ake kira DNA, yake. Haruffansa ba sa sauyawa, amma akwai wasu 'yan alamomi na sinadari, irin su metil, da ake ɗora masa, su sa a karanta wani sashe a tsallake wani. Wannan fanni shi masana ke kira efijenetiks. Tsutsa ba ta goge baƙi ko ɗaya, wasalin take sauyawa, jiki ya ci gaba da karanta umarnin kansa a karkace.

A 2018 Andrew DiNardo da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan yara a ƙasar da a lokacin ake kira Suwazilan, a kudancin Afirka. Sun tarar cewa yaran da ke ɗauke da tsargiya alamomin metil sun sauya a fararen ƙwayoyin jininsu, ƙarfinsu na tunkarar ƙwayar tarin fuka ya ragu, kuma wata shida bayan an kashe tsutsar sauyin yana nan. Tun 1999 ma wani bincike a Kenya ya nuna cewa yaran da suka haɗu da sinadaran tsutsa tun suna cikin mahaifa ba sa amsa allurar BCG da ƙarfi kamar sauran. Gaskiya ne an lura masu tsutsa ba su cika fama da borin jini ba, amma wannan riba ce da ba zan so wa ɗana ba, tunda tsargiyar mafitsara tana cikin sanannun musabbaban sankarar mafitsara.

Saboda haka nake ganin rabon ƙwayar firazikwantel a makarantu, duk da alherinsa, rabin aiki ne. Maganin yana kashe babbar tsutsa, ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha yau ya koma kududdufi jibi, jikinsa bai samu sararin gyara wasalinsa ba aka sake ɓata shi. Almajiri da ɗan makiyayi da yarinya mai talla kuwa sau da yawa ba sa cikin ajin da ake rabon.

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna iya abin da bai fi ƙarfinsu ba: rijiyoyin burtsatse kusa da wuraren wanki, da makewayi a tsangayu da kasuwanni don kada fitsari mai ƙwai ya kai ga katantanwa, da kai magani har ruga. Mu kuma na jami'a, lokaci ya yi da za mu auna jinin yaran gaɓar Tiga kafin magani da bayansa, mu haɗa da bayanan tarin fuka na asibitocin yankin.