Kai Iyali Ganin Birnin Kano Daga Darki a Bazara: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Mutumin Darki ba baƙo ba ne a Kano. Asibiti na kai shi, sarin atamfa a Kantin Kwari na kai shi, haka biki da gaisuwar mutuwa. Amma magidanta nawa ne suka taɓa ware yini guda takanas, suka ɗauki uwargida da yara don kawai su ga Dala da ganuwa da Gidan Makama? Kaɗan ne ƙwarai. Yaro sai ya gama sakandare yana haddace sunan Bagauda da Rumfa don jarrabawa, bai taɓa taka inda suka zauna ba, alhali daga Wudil da ke kusa da mu zuwa birni bai wuce tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka ba.

A ƙasashen Turai, da zarar sanyi ya ɗaga daga watan Maris zuwa Mayu, iyalai kan tara kuɗi su nufi tsofaffin birane irin su Rum da Atina don 'ya'yansu su ga gine-ginen kakanni. A wajensu lokacin iska mai daɗi ke nan. Mu kuwa a waɗannan watanni rana ke kai wa maƙura, zafi kan haura digiri 40 a Afrilu. Duk da haka a bazarar ne manomi ya fi samun sararin kansa: amfanin gona ya daɗe da shiga rumbu, damina ba ta sauka ba, abin da ya rage sharar gona da kai taki. Makarantu kan yi hutu a tsakanin, kuma a 'yan shekarun nan Sallah ma cikin watannin take faɗowa. Saboda haka tafiyar mai yiwuwa ce, muddin an tsara ta da la'akari da rana: inda ke fili a je da sassafe, inda ke da inuwa a bar shi sai tsakar rana.

A fara da zaɓen ranar tafiya. Alhamis kasuwar Darki ke ci, ba kowa zai iya barin gida ba. Juma'a kuma kasuwar Wudil ce, motocin shanu kan cika hanya wajen gada, sannan cikin birni kan cunkushe da masallata. Sauran ranakun mako sun fi. A bar gida da an sallame sallar asuba, domin a wuce Wudil da Mariri a shiga Hotoro kafin gari ya ɗau zafi. Wanda ba shi da mota, gara ya yi shatar adaidaita sahu guda na tsawon yini, a yanke kuɗi tun kafin a hau, da a riƙa sauka ana hawa da ƙananan yara a bakin titi.

Zangon farko Dutsen Dala. Akwai matakala har sama, amma hawan na gajiyarwa, don haka tsoho mai ciwon gwiwa da mai juna biyu su jira a ƙasa, ba laifi. A sama a riƙe hannun yara sosai, kada a bar su su matsa baki. Daga can za ku hangi Goron Dutse, da koriyar ƙubbar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa, da rufin gidaje iya ganin ido. A nan ne ya kamata maigida ya zaunar da yara ya ba su labari, domin labarin ya shafe mu kai tsaye. Ruwayar da aka gada ta ce maƙera ne daga Gaya, maƙwabciyar Wudil, suka zo gindin dutsen nan neman tama, ana kiransu Abagayawa, kuma daga sunan wani daga cikinsu garin ya samo suna. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura, da zuwan Bagauda a shekarar 999, da zuwan malaman Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Idan yaro ya ce, "Baba, ashe da can tsafi ake yi a nan?" a gaya masa gaskiya: haka ne, kuma malamai ne suka yi ta fama shekara da shekaru har Musulunci ya kafu.

Da an sauko a nufi Marinar Ƙofar Mata, tun masu rini na kan aiki. A ganina nan ne yara suka fi ƙaruwa, don abin a gabansu ake yin sa. Marinar ta samo asali tun 1498. Ramuka ne jere a fili, kowanne zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa, cike da ruwan baba da toka da aka bari ya yi kwanaki yana ruɓa har kumfa ta taso a samansa. Marini na zaune a bakin ramin, hannayensa sun rine har wuyan hannu. Zai tsoma farin yadi, ya ɗago shi, sai ka gan shi kore-kore, ba shuɗi ba. Ya riƙe shi a iska ɗan lokaci, a kan idonka launin ya juye ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai yadda mai kaya ke so, daga shuɗi mai haske zuwa wanda ya kusa zama baƙi. Iskar ce ke kama launin, shi ya sa ba a gaggawa. Yadin da mata suka ƙulle da zare a gida kuwa, sai an kwance ƙullin bayan ya bushe sannan zanen ya bayyana fari a cikin shuɗi. Can gefe za ku ji ƙarar mabuga, suna dukan yadi da manyan guduma na itace a kan gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan baƙin yadi mai ƙyalli shi Buzaye ke naɗawa, kuma saboda shi fatake suka riƙa ratsa Sahara.

Za ku lura ramuka da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara. Yadin kamfani mai araha da rinin kwalba sun janye masu saye, matasa kuma sun koma wasu sana'o'i. Don haka idan kun je, ku yi sallama, ku gaida dattawan wurin, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya ku ɗauki hoto. In da hali ku sayi ko ɗankwali ɗaya ne, ko ku kawo tsohuwar riga a rina muku. Cinikin ne ke riƙe da su a bakin ramin.

Kafin rana ta take, a shige Gidan Makama. Gidan na da alaƙa da mu fiye da yadda yawancinmu suka sani. An gina shi a ƙarni na 15 don Muhammadu Rumfa, kuma ya zauna a cikinsa kafin a kammala fadar da ke ɗauke da sunansa. Bayan jihadi sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, zuriyar su Malam Bakatsine da suka zauna a Utai ta ƙasar Wudil, kuma Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, ya daɗe yana hakimcin Wudil. Turawa sun yi amfani da gidan bayan sun ci Kano, daga baya aka yi makaranta a wani sashe nasa, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gwamnatin tarayya. Ana biyan kuɗin shiga, kuma akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi suna bayani da Hausa. Ku nemi ɗaya daga cikinsu, kada ku yi ta yawo ku kaɗai.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da kwalkwali na mayaƙa, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da da jerensa. Amma ku sa yara su ɗaga kai su dubi ginin kansa. Bangon tubali ne mai kauri, rufin azara ce ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, an jera ta a kan bakan gizo ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Ku sa su dafa bango da tafin hannu. A waje rana na ƙuna, a ciki sanyi ne kamar ruwan randa, babu fanka babu na'ura. Maginan da sun san ƙasarsu, kuma duk mai shirin ɗora kwano a kan bulo ya kamata ya tsaya ya yi tunani a cikin wannan soro.

Fada na nan kusa. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa ne Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Gidan Rumfa gida ne da ake zaune a ciki har yau, ba a shiga sai da izini, amma ana iya tsayawa a filin Ƙofar Kudu a ga inda ake jahi ranar Hawan Daushe. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Sai dai an dakatar da hawan a wasu Sallolin baya-bayan nan, don haka wanda zai je saboda shi ya saurari rediyo tukuna. Azahar kuma a yi ta a Babban Masallaci, wanda aka kammala gininsa na yanzu a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A ci abinci, a huta a inuwa, kada a motsa sai rana ta karya.

Da la'asar sai Kasuwar Kurmi, ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Lungunanta matsattsu ne, mai shiga da yara ya sa su a gaba. Akwai dukawa masu jaka da takalmi, da masu kayan doki, da masu ƙwarya da faifai, da 'yan koli, da masu littattafan addini. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, kuma adadin kan ninka zuwa 60,000 daga Janairu zuwa Afrilu lokacin da ayarin fatake ke sauka. Ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A kuma gaya wa manyan yara cewa a kasuwar nan an sayar da bayi. Tarihinmu ne, ɓoye shi ba zai amfane su ba.

Maganar lafiya gajeriya ce amma ba ta wasa ba. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha, a riƙa ba yara ko ba su nema ba, a tafi da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Hula da lema da kaya marasa nauyi. Bazara lokacin sanƙarau ne, a guji cusa yara cikin mota mai cunkoso da tagogi a rufe. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai mai tsanani a kai shi inuwa nan take, in bai sassauta ba a nufi asibiti. A rubuta lambar wayar maigida a takarda a sa a aljihun kowane ƙaramin yaro. Wanda ke azumi kuwa ya bari sai bayan Sallah.

Kafin a kama hanyar gida, a roƙi direba ya bi ta titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Na'isa da Gadon Ƙaya, inda ake iya ganin ragowar ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a tsakanin 1095 da 1134, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta. Lokacin da sojojin Ingila suka iso a Fabrairun 1903, Sarkin Kano Alu yana Sakkwato, sun tarar da bango da tsayinsa ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Yau a wurare da dama tudun ƙasa kawai ya rage, ruwan sama ya zaizaye wani, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani, an gina shaguna da gidaje a kan wani. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, wadda ke tsaye yanzu sabuwa ce. Abin na da ciwo, kuma laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, domin mutane ba sa kare abin da ba su san darajarsa ba.

Iyaye da malaman makarantun Darki, na boko da na Islamiyya, ku yi shawara tun yanzu. In kuɗin mota ya yi wa gida ɗaya yawa, gida biyu ko uku su haɗa su ɗauki bas guda. Ku tafi da 'yan mata kamar yadda za ku tafi da samari, ku tafi da iyayensu mata, ku kuma dawo kafin magariba. Ku kai su bana, tun akwai sauran ganuwar da za a nuna musu da marinan da za su amsa tambayarsu.