Giwan ruwa, tarwaɗa da karfasa: gaskiya da ƙarya game da kiwon kifi a tafki

A jihar Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, kogin Zamfara yakan tumbatsa da damina, idan ya janye kuma ya bar tafkuna a fadamu cike da ƙananan kifi. Wasu kan riƙe irin wannan ruwa a gonakinsu, wasu kuma su haƙa kandami su sayo 'ya'yan kifi su zuba. Maganganu iri-iri suna yawo tsakanin masu wannan sana'a, wasu gaskiya ne, wasu kuwa su ke janyo asarar jari. Mafi yawansu sun samo asali ne daga rashin sanin cewa lafiyar tafki ta dogara ga daidaito tsakanin kifin da ke ci, da kifin da ake ci, da ruwan da ke ɗauke da su.

“Idan karfasa ta cika tafki, an samu albarka.”

Ba gaskiya ba ne. Karfasa takan fara hayayyafa tana da 'yan watanni kaɗan, macen ta riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ta kuma maimaita sau da yawa a shekara. A kogi, manyan kifi da tsuntsaye suna rage yawan 'ya'yan. A rufaffen tafki kuwa duk suna nan, abinci ya kasa isar su, su tsumbure. Mai tafki zai ja koma ya ga kifi birjik, amma da wuya ya samu wanda ya kai tafin hannu, kuma irin wannan ba ya da daraja a kasuwa.

“Kifi mai cin kifi ɓarna kawai yake yi.”

Wannan ma ba haka ba ne. Masanin kifi H. S. Swingle na jami'ar Auburn a jihar Alabama ta Amurka ya shafe shekaru yana gwaji a tafkunan manoma. A 1950 ya nuna cewa tafki yana zama daidai idan nauyin kifin da ake ci ya ninka na masu cin su kamar sau 3 zuwa 6. Kifayen Amurka daban ne da namu, amma ƙa'idar ɗaya ce. A nan, tarwaɗa ko tufi su ne ke wannan aiki: suna cinye ƙananan 'ya'yan karfasa, manyan su samu sarari da abinci. Sharaɗin shi ne a fara zuba karfasa ta yi ƙwari, sannan a sa tarwaɗa kaɗan waɗanda bakinsu bai isa haɗiye iyayen ba. Idan masu ci suka yi yawa, za su share tafkin, sannan su kansu su rame, kai ya yi girma jiki ya tsotse.

“A sa giwan ruwa a kandami, zai yi girman na Argungu.”

Akwai ƙamshin gaskiya, amma shawarar tana da haɗari. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, shi ya sa yake ɗaukar hankali a gasar kamun kifi ta Argungu. Sai dai kifi ne na ruwa mai faɗi da wadatar iska, ba shi da jimirin tarwaɗa wadda ke iya leƙo sama ta shaƙi iska idan ruwa ya lalace. Ƙaramin kandami mai ɗumama da bazara kan kashe shi. Cinsa kuma ba kaɗan ba ne. Da aka saka shi a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, daga baya nau'o'in ƙananan kifi kusan 200 sun ɓace, kuma yana cikin manyan dalilai. Wanda ba shi da babban tafki mai zurfi da ba ya ƙafewa, ya tsaya ga tarwaɗa.

“Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta.”

Gaskiya ne. A cikin 'ya'yan da aka zuba rana ɗaya, wasu kan yi saurin girma su koma farautar sauran. Maganinsa shi ne a riƙa tace su a kai a kai a watannin farko, a ware manya daban, kuma kada a bar su da yunwa.

“Koren ruwa cuta ne.”

Rabin gaskiya. Kore mai sauƙi alamar ƙananan tsirrai ne da karfasa ke ci, kuma ɗan kashin kaji yana ƙara su. Mai tafki ya tsoma hannu: idan tafin ya ɓace a daidai gwiwar hannu, ruwan yana da kyau. Idan ya ɓace tun daga wuyan hannu, koren ya yi yawa. Waɗannan tsirrai suna ba da iska da rana, da dare kuma su shanye ta, shi ya sa kifi ke taruwa a sama suna buɗe baki da asuba. Idan aka ga haka, a tsayar da taki da abinci, a sauya wani ɓangare na ruwan. Haka kuma kifi kan rage ci da hunturu saboda sanyi, ba don cuta ba. Zuba masa maganin mutane ko na kaji a wannan hali ɓarnar kuɗi ce, ragowar maganin kuma tana iya kaiwa ga masu cin kifin.

“Duk ramin da ya tara ruwa ya isa kiwon kifi.”

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗari a wannan yanki. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, kuma Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, suna cikin garuruwan da abin ya shafa. An wanke garin dutse a kududdufai, dalma kuwa takan kwanta a laka ta daɗe ba ta ruɓe ba. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, kuma suya ko banda ba sa cire dalma daga jikin kifi. Kada a yi kiwo a ramin haƙar ma'adinai ko wurin da aka taɓa wankin zinare, sai an gwada laka da ruwan an tabbatar suna da tsabta.

Mai tafki ba ya buƙatar na'ura kafin ya san halin da kifinsa ke ciki. Ya riƙa jan koma lokaci zuwa lokaci yana duba abin da ta kamo. Tarin tsumburarriyar karfasa yana nufin a kwashe wasu ko a ƙara tarwaɗa. Ramammiyar tarwaɗa ba tare da ƙananan kifi ba tana nufin a rage ta. Manya da matsakaita da ƙanana a haɗe su ne shaidar tafki mai lafiya. Abin da ya shige duhu kuma, a nemi malaman gona ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja, tun kafin a kashe kuɗi a kan abin da aka ji a majalisa.