Wazirin Da Ya Ƙi Rantsewa: Abin Da WAEC Ke Nema Daga 'Ya'yanmu A Kan Thomas More

Daga jarabawar 2026 zuwa ta 2030, ɗalibin da ya ɗauki darasin Adabin Turanci a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali, ko ta 'yan mata da ke Bwari, ko wata makarantar kuɗi a Gwarinpa, yana iya cin karo da wani babban ma'aikacin gwamnati da aka fille wa kai a Landan a 1535. Sunansa Thomas More, kuma shi ne jarumin wasan kwaikwayon Robert Bolt mai suna A Man for All Seasons, ɗaya daga cikin wasanni biyu na wajen Afirka da hukumar WAEC ta sa a sabon jerin littattafanta. Ɗayan shi ne An Inspector Calls na J. B. Priestley. A ɓangaren Shakespeare kuwa, Antony and Cleopatra ne ya maye gurbin A Midsummer Night's Dream.

Ga iyaye da yawa a Abuja wannan ba ƙaramin batu ba ne. Yaron da ke son karanta aikin lauya ba ya samun gurbi a jami'a sai da kiredit a Adabin Turanci, ban da na Harshen Turanci da ake nema a kowane fanni. Uban da ya sha ɗawainiyar kuɗin makaranta shekara shida yana iya ganin burin ɗansa ya tsaya cak saboda tambayoyi huɗu da aka ba shi sa'a biyu da rabi ya amsa a takarda ta uku, wadda ta ƙunshi wasan kwaikwayo da waƙa. Sannan labarin More, fiye da duk wani littafi a jerin, labari ne da mutanen Sakatariyar Tarayya suka san irinsa tun kafin su buɗe shafin farko.

Wane ne More?

An haife shi a Landan a 1478. Lauya ne, marubuci, kuma shi ya wallafa littafin Utopia a 1516. A 1529 Sarki Henry na Takwas ya naɗa shi muƙamin da ya fi kowane girma a harkar shari'ar Ingila, wanda a tsarin sarautunmu ya fi kama da na Waziri. Rigimar da ta ci shi ta samo asali ne daga gidan sarki. Henry yana son rabuwa da matarsa Catherine, wadda ba ta bar masa ɗa namiji ba, domin ya auri Anne Boleyn. Fafaroma ya ƙi warware auren, sai sarkin ya raba cocin Ingila da Rum ya mai da kansa shugabanta.

More bai yi tawaye ba, bai kuma fita yana sukar sarki ba. Ya ajiye muƙaminsa a 1532, ya koma gida, ya kama bakinsa. Da aka kawo rantsuwar da ke tabbatar da sabon tsarin a 1534, ya ƙi rantsewa, ya kuma ƙi faɗin dalilinsa. Lissafinsa na lauya ne: doka tana hukunta abin da mutum ya faɗa ko ya aikata, kuma a ƙa'idar shari'ar lokacin ana ɗaukar shiru a matsayin amincewa. An tsare shi fiye da shekara guda a kurkukun Hasumiyar Landan. Ranar 1 ga Yuli, 1535 aka yi masa shari'a, ranar 6 ga wata aka zartar da hukuncin.

Bolt, wanda shi kansa ya taɓa zama malamin makaranta, ya kai wasan dandamali a Landan a 1960. Ya kewaye More da mutanen da duk wanda ya taɓa aiki kusa da mai mulki zai gane. Akwai Thomas Cromwell, ɗan aiken sarki da ke share duk wata ƙaya daga hanyar ubangidansa ta kowace dabara. Akwai Norfolk, aboki na ƙwarai da ke roƙon More ya sa hannu kamar kowa, don zumunci kawai. Akwai matarsa Alice da 'yarsa Margaret, waɗanda talauci ya shigo musu gida bayan ya bar ofis. Sai kuma Richard Rich, saurayi mai ilimi da ƙishirwar muƙami, wanda More ya ba shawarar ya kama aikin koyarwa don ya nisanci inda ake jarraba mutane. Rich bai ji ba. Ya koma gindin Cromwell, ya riƙa hawa mataki-mataki, kuma shaidar zur ɗinsa ce ta kai More ga hauni. Ladarsa muƙamin babban lauyan gwamnati na yankin Wales.

Inda ma'aunin aji ke tangarɗa

A yawancin azuzuwanmu, ma'aunin da ake ba ɗalibi don auna jarumin wasa mai mummunan ƙarshe ya fito ne daga Aristotal, masanin Girka na ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A taƙaice: jarumin mutum ne mai daraja, ba waliyyi ba kuma ba shaiɗani ba; wani kuskure ko rauni nasa ya jefa shi daga ɗaukaka zuwa halaka; ya gane gaskiya bayan bakin alƙalami ya bushe; mai kallo kuma ya tashi da tausayi da tsoro a zuciyarsa.

Ma'aunin ya yi wa 'yan shekarun baya aiki. Waɗanda suka zauna jarabawa tsakanin 2016 da 2020 sun haddace cewa kishi da saurin yarda ne suka kashe Othello. Na 2021 zuwa 2025 sun karanta Let Me Die Alone na John Kargbo, inda Yoko, sarauniyar Mende a Saliyo, ta sadaukar da haihuwa don sarauta, ta yi wa gwamnan Turawa biyayya, shi kuma ya wulaƙanta ta har ta sha guba. Iyayensu kuwa ba su manta da Odewale mai zafin zuciya ba, a wasan Ola Rotimi The Gods Are Not to Blame.

To, mene ne raunin More? Ba ya karɓar rashawa, ba ya da zafin kai, ba mulki yake nema ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa dole a sami aibi guda a rataya wa jarumi zai rubuta “taurin kai”, ya ja layi a ƙarƙashi, ya wuce. Amsar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin Alice da Norfolk ma haka suke gani. Amma ba ta kai ga zuciyar wasan ba. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta lura cewa kuskuren More yana cikin abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya amince cewa doka katanga ce da za ta kāre shi muddin bai furta komai ba, bai yi lissafin cewa masu iko za su iya sayen shaida su tsallake katangar ba. Wani ɗalibin yana iya cewa babu kuskure ko kaɗan, haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo: biyayya ga sarkin da yake ƙauna da biyayya ga abin da zuciyarsa ta gaskata, ga kuma haƙƙin iyali a tsakani. Duk matsayin da yaro ya ɗauka yana iya samun maki mai kyau, in dai ya kafa hujja da abin da ke cikin littafin.

Akwai wata matsala da ta fi shafar yaranmu na Arewa. Ɗan da ya tashi cikin tarbiyyar yarda da ƙaddara yakan rufe amsarsa da cewa haka Allah ya rubuta. A matsayin imani babu mai ja da wannan. Sai dai mai duba takarda tambaya yake yi a kan zaɓin da jarumi ya yi: ƙofofi nawa aka buɗe masa, wacce ya ƙi shiga, me ya sa, kuma me ya biya? An ba More damar tsira sau da dama, har a cikin kurkuku lokacin da aka turo iyalinsa su lallashe shi. Kowace dama da ya mayar, maki ne ga ɗalibin da ya ambace ta ya kuma yi bayaninta.

Abin da mai duba takarda ke nema

Rahotannin manyan masu duba jarabawa da WAEC ke fitarwa sun daɗe suna nanata koke iri ɗaya a kan wannan darasi: ɗalibai suna ba da labari maimakon amsa tambaya, suna dogara da littattafan taƙaitawa maimakon ainihin littafin, kuma raunin Turanci yana hana su bayyana ko abin da suka sani. Yaron da aka ce ya tattauna rawar da Rich ya taka a faɗuwar More, sai ya fara daga auren Henry ya bi labarin tiryan-tiryan har shafi uku, ya yi wahalar banza.

Sakin layi mai samun maki yana da gaɓa uku: magana, hujja, da bayani. Misali, ɗalibi ya ce gaskiyar More ce ta zama makamin maƙiyansa. Hujjarsa ita ce kofin azurfa da wata mata mai ƙara a kotu ta aiko wa More. Da ya gane toshiyar baki ce sai ya rabu da shi, ya ba Rich. Daga baya Cromwell ya tono zancen kofin yana neman shafa masa laifin cin hanci. Bayaninsa kuma shi ne cewa a fadar da aka riga aka yanke hukunci, ko kyakkyawan aiki ana iya juya shi ya zama tuhuma. Uban da ya san abin da Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce game da karɓar kyauta saboda aikin ofis, ko ya taɓa cika fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ya fi kowane littafin taƙaitawa iya fahimtar da ɗansa wannan fage.

A kula da fim ɗin da aka yi daga wasan a 1966, wanda ya ci lambobin Oscar shida. Yana taimakawa wajen ganin tufafi da yanayin zamanin, amma ya cire wani ginshiƙi na wasan, wato Talaka, mutum guda da Bolt ya sa yana sauya riga: shi ne baran gidan More, shi ne mai kwalekwale, mai gadin kurkuku, shugaban masu taya alƙali yanke hukunci, daga ƙarshe kuma shi ne hauni. Ba mugu ba ne. Albashinsa yake kārewa, yana guje wa fitina, duk abin da aka miƙo masa ya yi. Ɗalibin da ya tsaya ga fim ba zai san da shi ba, alhali da wuya a yi nazarin wasan a tsallake shi.

Shi kuma Antony and Cleopatra, ta wata hanya dabam ake jarraba shi. Yana zuwa ne a takarda ta ɗaya, cikin tambayoyin zaɓi, inda ake tsakuro 'yan layuka a tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, kuma me ya biyo baya. Nan babu dabarar da ta wuce karanta littafin da kansa, fiye da sau ɗaya. Wanda ya karanta zai haɗu da Enobarbus, amintaccen hadimin Antony, wanda ya gudu zuwa sansanin abokin gaba da ya ga tauraron ubangidansa na dushewa. Antony ya aika masa da dukiyarsa har can, nadama kuma ta kashe shi.

Gada daga gida

Malamin da ke son yaran Kubwa ko Nyanya su ji wannan wasa a jikinsu ba sai ya tsaya a Ingila ba. Ahmed Yerima, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2006, ya rubuta wasa mai suna Attahiru a kan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Turawa bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, aka kuma kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. A wancan lokacin Waziri Buhari ya zaɓi ya zauna ya yi sulhu domin jama'ar da ba su iya tafiya ba. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Ajin da ya yi muhawarar nan da Hausa na minti ashirin zai koma kan More da Norfolk da idon da ya buɗe.

Ya kamata kuma ɗalibi mai ƙwazo ya san cewa More na dandamali ba shi ne cikakken More na tarihi ba. A zamanin da yake riƙe da muƙami an ƙone mutane da ransu bisa tuhumar bidi'a a addini, kuma yana cikin masu tsananta musu. Bolt bai ba wannan fili ba. Marubuciya Hilary Mantel, a littafinta Wolf Hall na 2009, ta juya hoton, ta mai da Cromwell abin tausayi, More kuma mai ƙeƙasasshiyar zuciya. A ɗakin jarabawa More na Bolt ake tambaya, kuma a kansa za a tsaya. Amma sanin cewa marubuci yana zaɓen abin da zai nuna da abin da zai ɓoye shi ne mafarin nazarin adabi.

Abin da ya rage wa iyaye ba shi da tsada. A sayi cikakken littafin, kada a tsaya ga ɗan ƙaramin jagoran tambaya da amsa. A sa yaro ya karanta fage ɗaya da ƙarfi bayan sallar isha'i, a raba masa rawa da ƙannensa, domin wasan kwaikwayo don kunne aka rubuta shi. Sannan a yi masa tambayar da malaminsa zai so ya ji an yi: da kai ne, za ka rantse? A bar shi ya kāre amsarsa da hujja.

Mai yiwuwa shi ma ya juyo da tambayar. Tarihi ya nuna cewa Cromwell ya bi More zuwa wurin hauni a 1540, shekara biyar kacal bayansa. Richard Rich kuwa ya hau kujerar da More ya bari a 1547, ya tara dukiya, ya mutu a kan gadonsa a 1567. Yaron da ya karanta wannan zai so ya san abin da mahaifinsa, wanda ke fita da fayil kowace safiya, yake gani a kai, kuma gara uba ya tanadi amsa tun yanzu.