Ocado: Kamfanin cefane ta intanet da ya raba kan masu zuba jari a Birtaniya

A watan Satumban 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, hannun jari ɗaya na kamfanin Ocado ya kai kusan fam 29 a kasuwar hannayen jari ta Landan. A 'yan kwanakin nan har darajar kamfanin ta zarce ta Tesco, babban kantin kayan masarufi na Birtaniya, duk da cewa cinikin Ocado bai kama ƙafar na Tesco ba.

Shekara biyar bayan nan, a watan Nuwamban 2025, hannun jarin ya sauko har kusa da fam 1.80, wato farashin da aka fara sayar da shi ranar da kamfanin ya shiga kasuwa a watan Yulin 2010. Wanda ya saya lokacin tashe ya rasa sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗinsa. Wanda ya saya tun farko ya riƙe kuwa, shekara 15 ya yi yana jira ya koma inda ya fara.

Duk da haka har gobe akwai masu kare kamfanin, kuma ba ƙananan mutane ba ne.

Kanti ne ko kamfanin fasaha?

Wasu tsofaffin ma'aikatan bankin Goldman Sachs su uku ne suka kafa Ocado a shekarar 2000: Tim Steiner da Jason Gissing da Jonathan Faiman. Steiner ne ya ci gaba da jan ragama. Kamfanin ba shi da shago ko ɗaya. Mutum zai zaɓi kayan cefanensa a waya, a haɗa su a wani katafaren sito, mota ta kai masa har ƙofar gida.

A cikin siton nan abin mamakin yake. Ɗaruruwan mutum-mutumi ne ke zirga-zirga a saman wani shimfiɗaɗɗen ragar ƙarfe, suna zaro akwatunan kaya daga ƙasa, kwamfuta na ba su umarni. Kamfanin ya ce cikin minti biyar ko makamancin haka za su iya haɗa cefane mai kaya 50.

Nan ne ra'ayi ya rabu. Masu son kamfanin na cewa kuskure ne a auna shi da mudun kantuna, domin ainihin hajarsa ita ce wannan fasaha da yake sayar wa manyan kantunan duniya. Ya ƙulla yarjejeniya da Casino na Faransa da Sobeys na Kanada da Aeon na Japan da Coles na Ostireliya, sannan mafi girma, Kroger na Amurka a 2018, wanda aka shirya gina masa sito har 20. A 2019 kuma ya sayar wa Marks & Spencer rabin sashensa na cefane a Birtaniya kan kuɗin da zai iya kaiwa fam miliyan 750.

Masu suka kuwa tambayarsu ɗaya ce: ina ribar? Sai a 2014 kamfanin ya fara cin ribar shekara, ita ma 'yar kaɗan, kuma ba ta daɗe ba. A 2022 asararsa kafin haraji ta kai kusan fam miliyan 500. A 2023 da 2024 ma ta haura fam miliyan 370 a kowace shekara.

Yadda tsada ta shigo ta ko'ina

Shekarar 2022 ce ta tona asirin raunin tsarin. Bayan Rasha ta mamaye Yukren, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai, wutar lantarki ta bi shi. Sito mai cike da na'urori da ɗakunan sanyi kuwa cin wuta yake yi dare da rana, motocin kai kaya kuma suna shan mai.

Akwai wani kuɗin da mutane da yawa ba za su kawo a ransu ba: busasshiyar ƙanƙara. Da ita ake riƙe sanyin daskararren abinci a cikin mota. Ana yin ta ne da iskar kabon da ake samu daga masana'antun takin zamani, su kuma da gas suke aiki. Da gas ya yi tsada, kamfanin CF ya dakatar da wani ɓangare na aikinsa a masana'antarsa ta Billingham, iskar ta yi ƙaranci. A watan Satumban 2022 Ocado ya gargaɗi masu hannun jari cewa tsadar wuta da ta wannan ƙanƙara za ta ci masa riba. Wato matsalar masana'antar taki ta bi ta har cikin lissafin mai kai wa mutane kifi da kaji.

Masu saye su ma sun ɗaure aljihu. Hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100 a Oktoban 2022, ta abinci kuma ta haura kashi 19 a Maris ɗin 2023. Jama'a suka karkata zuwa kantuna masu rangwame irin su Aldi da Lidl. Waɗanda suka tsaya da Ocado suka rage yawan abin da suke saye a kowane zuwa. Wannan ya fi komai ciwo, domin ko kaya 30 aka kai ko 50, direba ɗaya ne, mai ɗaya ne, tafiya ɗaya ce. A shekarar ne cinikin sashen cefanen ya ragu a karon farko. A 2023 kamfanin ya sanar da rufe tsohon sitonsa na Hatfield, abin da ya shafi ayyuka kusan 2,300.

Sai kuɗin ma'aikata. Daga Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ƙara kason inshorar ƙasa da masu ɗaukar aiki ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga fam 11.44 zuwa fam 12.21 a awa. Abin lura shi ne kowane ɓangare na kafa hujja da wannan ƙarin. Masu suka na cewa mutum-mutumi ba ya tuƙa mota zuwa gidan kowa, don haka dubban direbobi na nan ana biyansu. Masu goyon baya na cewa duk lokacin da ɗan adam ya ƙara tsada, na'ura ce ke ƙara farin jini a wurin kantuna.

A ganina, tsadar da ta fi yi wa hannun jarin illa ita ce ta bashi. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. A 2021 Ocado ya ci bashi kan ruwan da bai kai kashi 4 ba. Da ya zo sabunta bashi a 2024, kashi 10.5 ya amince ya biya. Kamfanin da ke cewa a jira riba nan gaba yana jin daɗi ne lokacin da kuɗi ke arha. Idan mai kuɗi zai iya samun kashi 4 ko 5 a takardun lamunin gwamnati yana kwance a gida, haƙurinsa da alƙawari sai ya ragu.

Masu cin riba idan ya faɗi

Ocado ya daɗe cikin jerin kamfanonin Landan da aka fi yin caca a kan faɗuwarsu. Ga yadda abin yake: mutum zai ari hannun jari ya sayar yau, idan farashi ya sauka ya saya da arha ya mayar wa mai shi, bambancin ya zama nasa. Kamar ka ari buhun masara a lokacin tsada ka sayar, ka biya da buhu a lokacin kaka.

Amma sun sha ƙonewa. Ranar da aka sanar da yarjejeniyar Kroger a Mayun 2018, farashin ya tashi da sama da kashi 40. A Yunin 2023 ma jita-jitar cewa Amazon na son sayen kamfanin ta ɗaga shi da kusan kashi 30 a yini guda, ko da yake ba a kawo tayin komai ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu dogon numfashi, irin su Jörn Rausing na iyalin da suka mallaki Tetra Pak, wanda ya shekara da shekaru cikin manyan masu hannun jarin kamfanin.

Abin da ya girgiza har masu haƙurin shi ne ja da bayan abokan hulɗa. A Yunin 2024 Sobeys ya dakatar da buɗe sitonsa na Vancouver, a watan ne kuma aka cire Ocado daga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar Landan. Sai a Nuwamban 2025 Kroger ya ce zai rufe uku daga cikin sito takwas da aka gina masa, a jihohin Wisconsin da Maryland da Florida, zai kuma ƙara dogaro da haɗa kaya daga cikin shagunansa da kamfanonin aike irin su Instacart da DoorDash. Ocado ya samu diyyar dala miliyan 350, sai dai diyya sau ɗaya ake karɓarta, kuɗin amfani da fasaha kuwa duk shekara ake sa ran sa.

Darasin Amurka shi ne katafaren sito ba ya biyan kansa sai inda gidaje suka cunkushe kuma oda ta yi yawa. A Birtaniya hakan na samuwa, shi ya sa sashen cefanen ya farfaɗo: alƙaluman Kantar sun nuna shi ne ya fi kowane kanti saurin bunƙasa tsawon watanni a jere tun daga 2024, duk da cewa kasonsa na kasuwa bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba.

Shugabannin kamfanin sun yi alƙawarin cewa a cikin 2026 kuɗin da ke shigowa za su fara rinjayar waɗanda ke fita. Don cimma hakan sun rage kashe kuɗi a kan bincike, sun kuma sanar da sallamar ma'aikata 500 a farkon 2025. Masu saye da masu cacar faɗuwa duk wannan alƙawarin suka zuba wa ido, da kuma ko wani babban kanti zai sake sa hannu a kan sabon sito bayan abin da Kroger ya yi.